Fitilar cek injin ta kama bayan aikin salansa: sensa ce ta mutu ko aikin ne bai yi ba?

Tambaya: Camry gare ni ƙirar 2008, mai silinda huɗu. Salansar gaba ta fashe, na kai wa mai walda ya yanke ya jona wani bututu. Ya ce indomin ciki ya farfashe, don haka ya kwashe shi gaba ɗaya. Bayan kwana biyu fitilar cek injin ta kama. Da aka sa sikana sai ta nuna P0137 da P0420. Makanike ya ce in sayo sabuwar oksijin sensa. In saya?

Amsa: Malam, dakata da sayen tukuna. Lambobin nan biyu ba abu ɗaya suke faɗa ba. P0420 babu sensar da za ta kashe ta, ko da daga kamfani aka ɗauko ta yau, domin abin da take ƙorafi a kai shi ne katalis, wato indomin nan mai tace hayaƙi da aka kwashe. Ita kuwa P0137 tana iya zama sensa, amma sensar da take aiki lafiya har ranar da aka taɓa salansa, sannan ta fara kuka bayan kwana biyu, ita ce ta ƙarshe da ya kamata a zarga. Aikin da aka yi shi za a fara tuhuma: waldar, gaskit, waya, da mazaunin sensar.

Injin motarka 2AZ-FE ne, mai lita 2.4, kuma sensa biyu gare shi a kan hanyar hayaƙi. Ta gaba tana kan manifol, wato bututun da ke fara karɓar hayaƙi daga injin, kafin katalis, sikana tana kiranta B1S1. A wannan Toyota ɗin ba oksijin sensa ta gargajiya ba ce, irin wadda ake kira A/F ce, tana auna yawan iska da mai daki-daki, kuma da ita kwamfutar mota take daidaita man da nozil ke fesawa don cakudar ta tsaya kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Ta baya tana kan bututun da ke bayan katalis na farko, ita ce B1S2. Wannan ita ce ta gargajiya: tana ba da wuta tsakanin 0.1V zuwa 0.9V, ƙasa idan iskar oksijin ta yi yawa a hayaƙi, sama idan mai ya yi yawa. Babban aikinta shi ne ta gaya wa kwamfuta ko katalis yana aiki, sannan ta taimaka da ɗan gyaran mai kaɗan. Lambobinka biyu duk a kan ta bayan suke.

Katalis mai lafiya yana riƙe oksijin ya sake shi a hankali, shi ya sa hayaƙin da ya ratsa shi yake isa ga sensar baya a natse, ka ga wutarta ta zauna wajen 0.6V zuwa 0.8V tana ɗan motsi a hankali. Kwamfuta takan gwada shi da gangan: ta ƙara mai, ta rage, ta ga tsawon lokacin da sensar baya za ta ɗauka kafin ta ji canjin. Idan babu komai a cikin gwangwanin, nan take sensar za ta ji, sai kwamfuta ta rubuta P0420. Ke nan sensar gaskiya ta faɗa. Akwai ma wata alama a nan mai amfani: galibi kwamfuta ba ta yanke hukunci a kan katalis sai sensar baya tana amsawa, don haka samun P0420 yana nuna cewa bayan aikin waldar sensar ta yi aiki na wani lokaci. Jinkirin kwana biyun ma ba abin mamaki ba ne, domin irin waɗannan lambobi sai kwamfuta ta ga matsalar a tafiya biyu daban-daban kafin ta kunna fitila.

P0137 ma'anarta wutar sensar baya ta tsaya ƙasa, wajen 0.2V ko ƙasa da haka, a lokacin da kwamfuta ta ƙara mai tana jiran ta ga ta hau. Abubuwan da ke jawo haka: iskar waje tana shiga bututu ta wata kafa kafin sensar, waya ta tsinke ko ta ƙone ta taɓa ƙarfe, hitar cikin sensar ba ta samun wuta, bakin sensar bai kai cikin hayaƙi ba, injin da kansa yana tafiya da ƙarancin mai, ko sensar ta mutu.

Kafin kowa ya goge lambobin, a rubuta su duka, har da waɗanda ke jiran tabbaci, a kuma buɗe shafin da sikana ke kira Freeze Frame. A nan kwamfuta take ajiye halin da injin ke ciki a daidai lokacin da lambar ta shiga: gudun mota, juyin injin, zafin ruwa, da gyaran mai. Wanda ya goge kafin ya karanta ya zubar da shaidar da ta fi kowace amfani. Ba sai da babbar na'ura ba. Ɗan ƙaramin ELM327 da ake cusawa a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, a haɗa shi da wayar hannu, ya isa ya nuna kusan duk abin da ake bukata.

Daga nan a duba STFT da LTFT, wato gyaran mai na nan take da na dogon lokaci, bayan injin ya yi zafi sosai. A karanta su a silo, wato injin yana aiki ba a taka totur ba, a sake karantawa a juyi 2,500. Idan an haɗa su biyu suka tsaya cikin kashi 10 sama ko ƙasa, injin ba shi da laifi, matsalar tana tsakanin sensar gaba da ta baya. Idan kuwa suka haura +15 a silo suka sauko da an taka totur, to akwai iskar da ke kutsowa, ko dai ta gaskit ɗin manifol kafin sensar gaba, ko ta ɓangaren shan iska. Idan suna hawa ne yayin da aka ƙara wuta, a duba sensar iska da ke bayan ƙilina, wadda ƙurar hunturu ke yawan toshewa, da ƙarfin famfon mai. Wannan karatun na minti biyar shi ne zai raba maka hanya.

Sai a bar mota ta huce a shiga ƙarƙashinta da tocila, a kan rami ko a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ba a kan jak kaɗai ba. A bi wayar sensar baya daga jikinta har soket, a shafa ta da hannu. Mai walda yakan cire ƴan maƙalan da ke riƙe wayar don ya samu wurin aiki, ya manta bai mayar ba, sai wayar ta kwanta a kan bututu mai zafi. Rana ta farko ba komai, ta biyu roba ta narke, wayar sigina ta taɓa ƙarfe, wuta ta faɗi zuwa sifili. Za ka ga wurin ya yi ƙyalli ya ƙanƙance, wani lokaci har da ɗan zanen bututun a jikin robar. A duba kuma ko wayar ta murɗe kamar igiya: alamar an kwance sensar ko an ɗaure ta ba tare da an cire soket ba, kuma hakan yana tsinka zaren tagulla daga ciki alhali robar waje lafiya lau. A cire soket a leƙa, a tabbata babu baki da ya lanƙwashe ko ya koma ciki, kuma ya shiga har ya yi ƙara.

A duba mazaunin sensar da kyau, domin a nan aikin hannu ya fi ɓaci. Idan an canja bututu, dole an yi wa sensar sabon gurbi. Zarenta M18 ne mai tazarar 1.5, kuma masu walda da yawa noti suke nema mai irin zaren su liƙa. Idan notin ya yi kauri, ko an huda bututun da ƙaramin rami, bakin sensar zai maƙale a cikin gurbin bai leƙa cikin hayaƙi ba, sai ta yi nauyin amsawa. Idan waldar gefen notin tana da ƙananan ramuka, iska za ta shiga daidai bakin sensar, wanda shi ne wuri mafi muni. Sannan kada sensar ta kasance a ƙasan bututu tana kallon sama. Ana so ta shigo daga sama ko daga gefe, ta ɗaga aƙalla digiri 10 daga kwance, saboda ruwan da ke taruwa a salansa da safe kada ya kwanta a kanta ya fasa tangaran ɗin ciki idan hita ta kama. Idan an mayar da ita can baya nesa da inda kamfani ya sa ta, ko kusa da bakin bututun da aka yanke ya zama gajere, ita ma za ta riƙa jin iskar waje.

Wani kuskuren da ake samu shi ne musanya sensar gaba da ta baya. Zarensu ɗaya, sifana 22 ce ke kwance su duka, kuma kowace waya huɗu gare ta. Soket ɗinsu ne ya bambanta, amma idan aka samu mai gaggawa ya yanke waya ya jona, an gama. A karanta lambar da ke jikin kowace a tabbata tana inda ya kamata.

Yanzu batun yoyo, wanda shi na fi zato a irin labarinka. Mutane suna ɗauka cewa kafa a salansa hayaƙi kawai take fitarwa. Ba haka ba ne. Hayaƙi yana fita ne bugu-bugu, kuma bayan kowane bugu akwai ɗan zuƙo da ke jan iskar waje ciki, musamman a silo da lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur. Iskar waje kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, hayaƙin injin mai lafiya kuwa abin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba, don haka rami kamar na allura ya isa ya danne wutar sensar ƙasa. Irin wannan ramin ba lallai ka ji ƙararsa ba.

Hanyar gano shi: injin a kashe kuma da sanyi, a sa abin hura iska a bakin salansa ta baya a toshe gefensa da tsumma, a kaɗa sabulu a ruwa a fesa a kan kowace walda, kowane mahaɗi, gurbin sensa, da bututun nan mai saƙa da ke lanƙwasawa. Inda kumfa ta tashi, nan ne. Idan babu abin hurawa, a tayar da injin da sanyi, wani ya danne bakin salansa da tsumma na ƴan daƙiƙu, kai kuma ka saurara ka kai hannu kusa da mahaɗai ba tare da ka taɓa ba. Baƙin zane na toka a gefen mahaɗi shi ma shaida ne. A yi wannan a fili inda iska ke kaɗawa, kada a yi a rufaffen gareji, hayaƙin mota yana kisa ba tare da wari ba, balle motar da ba ta da katalis. A kula sosai da zoben gaskit da ke tsakanin manifol da bututun gaba. Ba a maimaita tsohon zobe, kuma a mahaɗin da ake ɗaurewa da kusoshi masu sifirin, idan aka maye su da na gama-gari marasa sifirin, zai buɗe duk lokacin da injin ya motsa. Idan an samu rami a sake walda, amma a cire sensa tukuna, a cire kan batir, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da inda ake aiki. Kada a shafa gam ɗin silikon a mahaɗin da ke kafin sensa, tururinsa yana kashe ta.

Idan babu yoyo kuma waya lafiya, sai a gwada sensar da kanta ta sikana. Injin ya yi zafi, a riƙe shi a juyi 2,500 na minti biyu ko uku don sensar ta gasu, domin ba ta fara magana sai ta wuce digiri 300. A buɗe wutar B1S2 a kan zanen sikana, a taka totur da ƙarfi sau ɗaya a saki. Mai lafiya za ta yi tsalle ta wuce 0.6V, sannan ta faɗo ƙasa da 0.2V lokacin da kwamfuta ta yanke mai. Tunda babu katalis, za ka gan ta tana hawa da sauka da sauri ko ba a taka ba, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Idan ta kwanta kusa da sifili ba ta motsi, wani ya girgiza wayar yana kallon zanen. Idan layin ya yi tsalle da girgizar, waya ce.

Wanda ke da Techstream, manhajar binciken mota ta Toyota, ko wata babbar sikana yana da gwajin da ya fi wannan tsafta: a umarci kwamfuta ta ƙara mai da kashi 25, sannan ta rage da kashi 12.5. Da an ƙara, sensar baya ta haura 0.55V, ta gaba kuma ta sauko ƙasa da kimanin 3.1V. Da an rage, ta baya ta faɗi ƙasa da 0.4V, ta gaba ta haura kimanin 3.4V. Ka lura ta gaba akasin ta baya take yi, kuma tsakiyarta 3.3V ne. Wasu ƙananan sikanoni suna nuna ta wajen 0.66V tana tsaye, sai wanda bai sani ba ya ce ta mutu, a sayi sabuwa mai tsada a banza. Idan duka biyun sun amsa, sensoshin lafiya suke, a koma neman yoyo. Idan ta gaba ta amsa ta baya ta yi shiru, matsalar tana kan ta baya ko wayarta. Idan ta gaba ce ba ta amsa daidai, ita ce take yaudarar kwamfuta ta rage mai, ta baya kuma tana faɗin abin da ta gani ne kawai.

Hita kuma da mita ake auna ta. A sensar Denso wayoyi biyu baƙaƙe su ne na hita, shuɗiya ta sigina, fara ta ƙasa. A Bosch farare biyu ne na hita, baƙa ta sigina, mai ruwan toka ta ƙasa. A cire soket, sensa da sanyi, a auna tsakanin wayoyin hita: ta baya ta ba da ohm 11 zuwa 16, ta gaba 1.8 zuwa 3.4. Idan mita ta nuna a buɗe, hita ta ƙone, kuma girgizar guduma da zafin walda suna iya jawo hakan. Sai a kunna makulli a auna ɓangaren soket na mota, a ga wutar batir a bakin da ke ciyar da hita. Idan babu, a duba fiyus da rile, domin wayar da ta narke a kan bututu takan tafi da fiyus. Galibi matsalar hita tana zuwa da tata lambar, P0037 ko P0038 ga ta baya, P0031 ko P0032 ga ta gaba. Kada a sa fitilar gwaji ko a tura wutar batir a wayar sigina.

Idan rewaya ya samu waya ta tsinke, a gyara ta a ɓangaren mota. Wadda ke jikin sensar ba a yi mata dalma, saboda ƙarfenta ba ya kama dalma da kyau, kuma sensoshi da yawa ta cikin wayar suke shaƙar iskar da suke kwatanta hayaƙi da ita. Haka kuma ba a cika soket ɗinta da giris.

In ta kai ga kwance sensar, bakinta zai ba da labari. Baƙar toka mai laushi, mai ya yi yawa. Farin gari kamar alli, silikon ne. Ƙura mai kauri da ta daskare, injin yana ƙona baƙin mai, kuma 2AZ-FE na shekarun 2007 zuwa 2009 an san shi da shan baƙin mai ta zoben fistin. Wannan abin lura ne, domin wataƙila shi ne ma ya kashe katalis ɗin tun farko, ko kuma fulogi ko koyil da ke sa silinda tana tsallake wuta, ɗanyen mai ya je ya ƙone a cikin katalis ya narkar da shi. Wanke sensa da fetur ko gasa ta a wuta ba ya dawo da wadda ta mutu.

Idan gwaji ya tabbatar ta mutu, a sayi Denso ko ta Toyota da lambar shasin motar, saboda Camry ɗin da aka ƙera don California da ta sauran jihohin Amurka ba lallai sensarsu ta zama ɗaya ba. Jabu sun cika kasuwa, kuma ba sa daɗewa su dawo da lambar. A fara ɗaura ta da hannu soket a cire, a ƙarasa da sifana zuwa 44 Nm, kada man zare ya taɓa bakinta, sannan a mayar da waya cikin maƙalanta.

P0420 kuwa maganinta na gaskiya ɗaya ne: a mayar da katalis mai aiki. A wannan injin na farkon haɗe yake da manifol, don haka ana sayen su tare, sabo ko na Beljiyam. A haska tocila a cikin na hannu kafin a biya, a ga saƙar a cike take ba ta narke ba, domin saboda filatinam da faladiyam da rodiyam da ke ciki ake kwashe su a sayar da gwangwani fanko. Akwai masu sa wa sensar baya ɗan ƙarfen da ke janye ta daga hayaƙi don fitila ta mutu. Ban ba da shawarar haka ba. Sau da yawa yana canja P0420 ne zuwa P0136 ko P0139, kuma ko ya yi nasara gubar tana nan tana fita a bayan motar, masu babur da ƴan talla a bakin titi su ne ke shaƙa. Barin fitilar a kunne shi ma yana da tasa illar: ranar da wata babbar matsala ta zo ba za ka sani ba. A kuma bincika inda ɓaraguzan tsohon katalis suka tafi. Idan da rodi aka farfasa shi, gutsattsarin kan gangara su toshe abin da ke baya, sai mota ta rasa ƙarfi a hawa ta riƙa zafi. Ana ganewa ta hanyar ɗaura ma'aunin matsi a gurbin sensa: a juyi 2,500 bai kamata ya wuce 3 psi ba.

Bayan gyara a goge lambobi, amma mutuwar fitila a gareji ba shaida ba ce. A hau titi mai tsawo da injin mai zafi, a yi aƙalla minti 10 tsakanin kilomita 60 zuwa 100 a awa, a riƙa ɗaga ƙafa gaba ɗaya daga totur na daƙiƙa 10 sau uku ko huɗu. A kashe mota, a sake yin irin tafiyar. Sannan a mayar da sikana a duba ko gwajin sensa da na katalis sun nuna sun kammala, kuma babu lambar da ke jiran tabbaci. Idan P0137 ta tafi P0420 kaɗai ta dawo, sensarka lafiya take, kuɗin da za ka kashe na katalis ne.